Laraba a Garwa: gardamarmu da Kawu kan Ctrl+X

Tun ƙarfe tara zafi ya sauko, fanka sai iska mai ɗumi take turowa. Ina koya wa yara huɗu gyaran fayil da nano, ƙaramar manhajar gyara rubutu, a kan Linux, tsarin da ke tafiyar da injinan kwamfutarmu, sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu: "Malam, na danna Ctrl+X in yanke layi, ga shi yana tambayata ko zan adana kafin in fita." Ba laifinta ba ne. Wata uku ta yi tana aiki da Word, yatsunta sun haddace X yankewa, V mannawa. A nano kuwa X fita ne, K yankewa, U mannawa, O adanawa. Gado ne daga Pico, tsohuwar manhajar gyara rubutu da aka kwaikwaya lokacin da aka fara nano a 1999.

Abin ya tsaya mini a rai, domin yaran nan dama a rikice suke. Rabin injinanmu kibod ɗinsu AZERTY ne, tsarin Faransanci, rabi QWERTY, tsarin Turanci, da aka shigo da su ta Yola. Inda Z take a wannan, W ce a wancan, sai yaro ya nemi janye kuskure a Word da Ctrl+Z, ya danna Ctrl+W ya rufe takardarsa gaba ɗaya. Word na Faransanci kuma da Ctrl+G yake kaurara rubutu, na Turanci da Ctrl+B. A ƙara musu wani nauyin kuma?

Bayan azahar na sami Kawu, mai shagon. Na ce masa tun nano 8.0 da ya fito a 2024 akwai zaɓin --modernbindings, wanda ke mayar da X, C, V da Z yadda kowa ya saba, ya mai da Q fita. Na nemi izinin in sa injinan su riƙa tashi da shi.

Ya ajiye kofin shayinsa. "Ɗana, ranar da yarinyar nan ta sami aiki, aka ce ta shiga injin wani ta gyara fayil, wane nano za ta tarar? Naka ko na duniya?" Ya ce su kansu masu nano ba su taɓa tsohon tsarin ba sai kaɗan: sun mai da Ctrl+F bincike, amma sun bar Ctrl+W yana tsohon aikinsa na bincike saboda mutane irinsa.

Na rasa amsa, don maganarsa tana kan hanya. Duk da haka ban yarda mai koyo ne ya kamata ya biya kuɗin sabon da wasu suka yi ba. Wanda ya ƙware, layi ɗaya zai rubuta ya dawo da abin da ya saba. Ita ko sunan wannan layin ba ta sani ba.

Ya bar mini inji ɗaya, na kusa da ƙofa, in gwada na wata guda. Kafin magariba na saita shi, na manna takarda a gefen kibod ɗin da tsarin biyu a jere. Gobe ɗalibar nan zan fara zaunarwa a kai.