Ruwa ba ya tsami banza: daga gwajin maganin 1996 zuwa labarin hana haihuwa

Ƙanzon kurege zalla ba ya daɗewa a gari, kwana biyu ne a manta. Labarin da ke shekara ashirin yana yawo a majalisa da gidan suna, irin na cewa rigakafin shan-inna yana hana haihuwa, shi ne wanda ke da ƙwayar gaskiya a cikinsa, domin duk sanda aka ƙaryata shi, wani zai miƙe ya ce, "To abin da ya faru a Asibitin Zana fa?" Kuma da gaskiyarsa.

A 1996 annobar sanƙarau ta ɓarke a Arewa, ta kashe dubban mutane. A tsakiyar wannan tashin hankali kamfanin Pfizer na Amurka ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wato Asibitin Zana, ya gwada sabon maganinsa, Trovan. Yara 200 aka ɗauka, kusan rabi aka ba su Trovan, sauran aka ba su ceftriaxone, maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar. Iyaye suka ce ba wanda ya fayyace musu cewa gwaji ake yi da 'ya'yansu. Aka yi ta shari'a har 2009, lokacin da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Iyakar ƙwayar ke nan. Abin lura shi ne abin da baki ya yi mata.

Farkon abin da ke zubewa a hanya shi ne suna. Ba mai riƙe "Trovan" a kai, sai ya koma "maganin Turawa". Daga nan shekara ta ɓace, 1996 ta zama "kwanakin baya". Sai bambanci mafi girma ya bi su: Trovan magani ne da aka ba yaran da ke kwance rai a hannun Allah, shi kuwa rigakafin shan-inna ɗigo biyu ne a bakin yaro mai lafiya ɗan ƙasa da shekara 5. Cutar daban, maganin daban. Amma da suna da shekara da dalili suka zube, abin da ya rage jimla ɗaya ce mai sauƙin ɗauka: sun zo da magani, yara sun mutu.

Labari ba ya zama da giɓi, sai ya cike shi da abin da ya tarar a zukata. A 2003 akwai abin tararwa da yawa. Mutane ba su manta da manufar 1988 ta gwamnatin Babangida ba, wadda ta ƙarfafa kada mace ta wuce 'ya'ya huɗu. Amurka kuma ta shiga Iraƙi a 2003 ɗin. Sannan ga tambayar da duk mai aikin rigakafi ya sha ji a bakin zaure: asibiti ko farasitamol sai ka saya, zazzaɓin cizon sauro na kwashe yara, me ya sa wannan kaɗai ake biyo mu da shi har gida kyauta? Tambaya ce mai ma'ana, kuma ba a amsa ta da kyau ba. Amsarta ita ce shan-inna a jikin mutum kaɗai take rayuwa, don haka ana iya kawar da ita gaba ɗaya kamar yadda aka yi wa agana, shi ya sa masu ba da kuɗi suka dage a kanta. Da wannan bayani bai iso ba, sai "akwai maganin hana haihuwa a ciki" ya zauna a gurbinsa.

Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin. Kano ba ta dawo ba sai Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indunusiya, ƙasar Musulmi. Sakamakon haka cutar ta fantsama zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da ita kanta Indunusiya. Abin da ya fi ciwo ya zo a Fabrairun 2013, da aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, yawancinsu mata.

Kuskuren da masu ƙaryatawa ke maimaitawa shi ne su ce duk labarin jahilci ne. Magidancin da ya san gidan da aka yi rashi a 1996, daga wannan kalmar ya rufe kunne. Wanda maciji ya sara ba a ce masa babu maciji. Abin da ke aiki shi ne a mayar wa labarin abubuwan da suka zube: eh, an yi gwaji, ga shekarar, ga sunan maganin, ga adadin yaran, ga inda shari'a ta tsaya, sannan ga inda ya rabu da ɗigon nan. Kuma mai faɗa ya zama wanda za a gani gobe a masallaci. Shi ya sa al'amarin bai juya sosai ba sai da sarakuna da hakimai da masu unguwanni suka shigo, wasunsu suka ɗiga wa 'ya'yansu da jikokinsu a bainar jama'a. A 2016 aka ga ƙwayar shan-inna ta asali ta ƙarshe a Najeriya, a jihar Borno, a yankunan da rikici ya hana masu rigakafi shiga.