Farautar ƙudan mangwaro daga Samaru zuwa Dakace

Ƙarfe shida na safe, tsakiyar Afrilu, muka bar Samaru a keke, ni da wani ɗalibi, da kwali cike da gorunan roba goma sha biyu. Kowace gora mai lita ɗaya da rabi ce, mun huda ta wuri huɗu a kafaɗa da ƙusa mai zafi, an zuba mata rabin ayaba da aka dama da ɗan yis aka bari ta kwana ta yi tsami. Ɗanyar ayaba ba ta kiran ƙuda, sai ta fara warin ruɓa. Abin da muka fito nema shi ne ɗan mitsitsin ƙudan nan mai jan ido da ke dandazo a kan ruɓaɓɓen mangwaro, wanda masana ke kira Drosophila melanogaster. Tsawonsa bai wuce milimita 3 ba, asalinsa kuma ɗan Afirka ne, daga nan ya bi mutane da kayan marmarinsu ya cika duniya.

Muka ratsa Kwangila muka sauka a kasuwar Sabon Gari, wajen masu kayan marmari. Dattijon da muka roƙa ya bar mu mu rataya gora a bayan rumfarsa ya dube mu ya ce, “Malam, yanzu har ƙuda ake saye?” Na ce, “Baba, aro dai za mu yi.” Ya nuna mana kwandon da yake zubar da mangwaron da ya lalace, ya ce a nan suke kwana. Gaskiyarsa. A inuwa ake rataya gora, kusa da shara, a kuma shafa man shafawa a igiyar, in ba haka ba kiyashi zai riga ka.

Dalilin wahalar nan wani guntun DNA ne mai suna P, muna son auna ƙarfinsa a jikin ƙudan Zariya. DNA ita ce igiyar da ke ɗauke da bayanan gado a cikin tantanin halitta, jerin sinadaran da ke jikinta su ake kira haruffa. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na kundin gadon wannan ƙuda, wato jimillar DNA ɗinsa, irin waɗannan guntaye ne, masu tashi daga gurbi su faɗa wani, mu ce da su ’yan tsalle. Barbara McClintock ce ta fara gano irinsu a jikin masara a shekarun 1940, aka ba ta lambar Nobel a 1983. Shi P baƙon haure ne na kwanan nan. Ƙudajen da aka kama aka adana a ɗakunan bincike kafin wajajen 1950 ba su da shi, amma cikin ’yan shekaru goma-goma ya game na daji a ko’ina. Daga wani ƙuda ya tsallako, Drosophila willistoni na yankin Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, wanda ba sa ko barbara da namu. Shaidar kuwa da ƙyar a musa ta: cikin haruffa 2,907 da P ke da su, harafi ɗaya tak ya bambanta na ƙudajen biyu.

Yadda yake aiki ba wuya. Kowane bakinsa na da haruffa 31 masu kallon juna, a tsakiya kuma akwai umarnin ƙera wani furotin da ke kama bakunan nan biyu, ya yanke guntun, ya dasa shi a wani wuri, ya bar haruffa 8 da suka maimaitu a gefe da gefe kamar sawu. To in yanka da dasawa ne kawai, ta ina yake yawaita? Ramin da ya bari ne. Tantanin halitta yakan cike gurbin ta hanyar kwafo abin da ke jikin ’yar’uwar igiyar, ita kuma tana ɗauke da P, sai ɗaya ya koma biyu. Wayonsa na biyu ya fi ba ni mamaki: a tantanin da za su zama ƙwai da maniyyi kaɗai ake ƙera cikakken furotin ɗin. A sauran jiki ba a cire wani yanki na uku daga saƙon umarnin ƙera furotin ɗin, sai a samu gajeren furotin da ba ya yanka komai. Wato ba ya kashe mai masaukinsa, zuriya yake bi.

Daga Sabon Gari muka bi ta Tudun Wada muka rataya uku, muka shiga birni ta Ƙofar Doka muka sa biyu a wani gida mai bishiyar mangwaro a tsakar gida, sauran muka kai Dakace a hanyar Jos, kusa da fadamar Galma inda tumatir ke zube. Kafin azahar mun gama.

Washegari da asuba muka sake bin sawu, don da rana ta ɗaga ƙudan ke ɓuya. Gora biyu sun bushe ƙaf saboda rana ta juyo kansu da yamma, ɗaya kuma yara sun kwance. Sauran sun kama. Ana toshe hudojin da auduga tukuna, sannan a kife kwalba a bakin gorar a rufe gorar da baƙin ƙyalle, ƙudan da kansu za su hau sama neman haske. Babban abokin gaba a hanya zafi ne. A wannan wata Zariya takan haura digiri 35, ƙudan nan kuwa da an wuce 30 mazansu ke daina haihuwa, in aka bar kwalba a rana cikin keke ’yan mintoci sun isa a tarar da gawa. Cikin tukunyar ƙasa muka jera kwalaben, muka lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu.

Da muka koma Samaru aka ɗora su kan faranti bisa ƙanƙara suka suma, aka shiga tsinta a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Mai fararen layuka biyu a baya Zaprionus ne, a ware shi gefe, kuma yana da yawa a tarkon mangwaro. Mai rikitarwa shi ne Drosophila simulans, don matansa da na melanogaster kamar an tsaga kara. Maza ake dubawa: a ƙarshen cikin namijin simulans akwai wani faffaɗan murfi, na melanogaster ƙarami ne kamar ƙugiya. Saboda haka kowace mace kwalbarta daban, a jira ’ya’yanta maza su fito bayan kwana goma a digiri 25, su za su faɗi ko ’yar wane gida ce. Raba su wajibi ne, domin shi ma simulans P ya shige shi, amma sai bayan shekarar 2000, labarinsa daban ne.

Gwajin kansa barbara ce iri biyu, kuma a nan ake ganin yadda mai gida ke rufe bakin baƙo. Ana buƙatar zuriya biyu da aka sani: Canton-S, wadda aka kama kakanninta a Ohio tun kafin P ya iso, da Harwich mai ɗauke da P masu ƙarfi. A haɗa mazan Zariya da matan Canton-S, a kuma haɗa matan Zariya da mazan Harwich, duka a digiri 29. Matan dole su zama budurwai, a kwashe su kafin su cika awa 8 da fitowa, lokacin jikinsu fari-fari ne da ɗigon baƙi a ciki. Mace ɗaya da ta riga ta sadu da namiji ta ɓata kwalbar duka.

Margaret Kidwell da abokan aikinta ne suka bayyana abin a 1977: uba mai P da uwa marar P, ’ya’ya su fito juya, a juya haɗin, uwa mai P da uba marar shi, ’ya’ya lafiya lau. DNA ɗin ’ya’yan kusan ɗaya ne, to me ya bambanta? Sai wajajen 2007 da 2008 amsar ta fito fili. Uwa na zuba wa ƙwanta wasu gajerun RNA (sinadari ɗan’uwan DNA), masu haruffa 23 zuwa 29, da ake kira piRNA. Daga wasu keɓaɓɓun wurare a kundin gado ake ƙera su, kamar 42AB da flamenco, waɗanda tamkar juji ne na karyayyun ’yan tsalle. Ɗan tsalle yana ta yawo har ranar da tsautsayi ya jefa shi cikin irin wannan juji, daga ranar an ɗauki hotonsa. Furotin Aubergine da Ago3 sukan riƙe waɗannan guntaye su datse saƙon ɗan tsallen, kowane yanka ya haifar da sabon guntu da ɗayan zai ɗauka, suna miƙa wa juna, shi ya sa ake samun guntayen sun haɗu a haruffa 10 daidai. Shi kuma Piwi cikin cibiyar tantani yake shiga, ya nemo inda ake karanta ɗan tsallen, ya sa a naɗe wurin tam. Maniyyi ba ya ɗauko wannan guzuri. Uban ya kawo ɓarawo, uwa kuma ba ta ba da mai gadi ba, sai P ya yi ta yanka a tantanin haihuwa har su mutu.

Digiri 29 ɗin nan ba ado ba ne. A ƙasa da 25 lahanin kan ragu sosai har ya ɓuya, a sama da 30 kuma zafi kaɗai na iya hana haihuwa ka ɗora wa P laifi. In an ɗauke wuta inkubeta ta yi sanyi ko ta yi zafi a kwanakin farko, lokacin ƙwai da ƙananan tsutsa, zubar da kwalaben ya fi, a sake. Mu dai ma’aunin zafi muka saka a ciki, ana rubutawa safe da rana da dare.

Idan ’ya’ya mata sun fito, a ba su kwana biyu zuwa uku a kan abinci mai yis, sannan a fiɗe kamar hamsin daga kowane haɗi cikin ɗigon ruwan gishiri, da allura biyu. Lafiyayyar jakar ƙwai cike take fam kamar kan tafarnuwa, wadda P ya ci kuwa zare ce kawai. Haɗin farko na nuna ƙarfin P ɗin mazan Zariya, na biyu na nuna ko matan Zariya na da kariya. In jakunkunan da suka lalace ba su kai kashi 10 cikin ɗari ba, ana ɗaukarsa babu lahani. Kada a yi mamaki in PCR, gwajin da ke gano guntun DNA, ya nuna P birjik amma barbara ba ta nuna komai ba, yawancin kwafin da ke jikin ƙudan daji guntattaki ne da suka rasa tsakiyarsu, kamar KP mai haruffa 1,154, ba sa iya yanka da kansu.

Ragowar ƙudan kowace unguwa muka zuba a etanol mai ƙarfin kashi 95, da takarda a ciki da aka rubuta wuri da kwanan wata da fensir, don biro narkewa yake. Ranar Asabar za mu koma Sabon Gari mu kwance igiyoyin da muka bari a rumfar Baba.