Gritar da abin da ke biyo bayan que

'Yan'uwa masu koyon Sifaniyanci, matsalar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya game da aikatau gritar, wato yin ihu, ta warware a yau, kuma murnar hakan ce ta sa na zauna rubutu tun ban kammala darasin mako ba. Juya shi bai taɓa ba ni wahala ba, domin yana bin ƙa'idar masu ƙarewa da -ar sau da ƙafa, kuma kunnen da ya saba da karin sautin Hausa ba ya jimawa yake rarrabe grito, ina ihu, da gritó, ya yi ihu.

Inda na maƙale shi ne bayan que, kalmar da ke haɗa jimloli kamar "cewa" a Hausa. A wani darasin sauraro na ji me gritó que venía, can gaba kaɗan kuma na ji me gritó que viniera, kuma littafin da nake bi bai ce komai ba illa cewa aikatau na magana wani lokaci suna ɗaukar sigar aikatau da ake kira indicativo, wani lokaci kuma wadda ake kira subjuntivo. A ganina wannan ba bayani ba ne. Na biya kuɗin darasin kai tsaye da wata malama 'yar Kolombiya, kuɗin da aka lissafa da dala, ga kuma datar bidiyo da ya cinye, kuma har yanzu ina jin zafinsu. Ta yi bayani cikin haƙuri, amma da Turanci, don haka na tashi da ƙa'ida a takarda wadda bakina ya kasa amfani da ita idan magana ta zo da sauri, kuma takaicin ya kai har na ajiye littafin na wani lokaci.

Abin da ya buɗe mini hanya shi ne faɗin jimlolin biyu da Hausa. Ta farko tana nufin ya yi mini ihu cewa yana zuwa, wato labari yake bayarwa. Ta biyu tana nufin ya yi mini ihu in zo, wato umarni ne. Wannan "in zo" shi ne lokaci umartau da muke amfani da shi kullum ba tare da tunani ba, kuma a daidai wurin da Hausa ta zaɓe shi Sifaniyanci ke zaɓar subjuntivo. Na gwada da me grita que viene da me grita que venga, na gwada da les gritó que salieran, ya yi musu ihu su fita, duk suka zauna daidai. Hatta hani haka yake tafiya: muna cewa yi ihu amma kada ka yi ihu, su kuma suna cewa grita amma no grites.

Kamannin yana da iyaka. A le gritó a su hijo ana kawo le tare da a su hijo, alhali mu "ya daka wa ɗansa tsawa" ta ishe mu. Wannan maimaicin haddace shi kawai nake yi, tare da lura cewa no me grites ta fi kusa da kada ka daka mini tsawa fiye da ihu na tsoro ko na murna.

Don gwada kunnena na kalli bidiyon El Grito na Meziko, wanda shugaban ƙasa ke yi a daren 15 ga Satumba daga barandar fadar gwamnati, domin tunawa da kiran tashi tsaye kan mulkin Sifaniya da limamin coci Miguel Hidalgo ya yi a garin Dolores a 1810. Da shugaban ya ɗaga murya da ¡Viva México! taron kuma ya amsa da ¡Viva!, nan take na gane cewa viva ɗin ma subjuntivo ne na fata, irin "ya" da ke cikin Allah ya ja zamaninka, kuma na yi alfahari ƙwarai domin babu wanda ya nuna mini. Da na shirya shiga chillar, wato ƙwala ihu, a wannan makon, amma zan ci gaba da jimlolin que da decir (faɗa) da pedir (roƙa) tukuna, har sai viniera ta riƙa fitowa ba tare da na tsaya lissafi ba.