Hajiya ta tona mini asiri a gidan tarihi

Laraba da dare, Landan, 2023.

Ƙafafuna zugi suke yi, amma in ban rubuta wannan yau ba, gobe rabinsa ya gudu.

Tun watan azumi babbar 'yata, yayarsu auta, take mini naci a kan baje kolin Koriya da ake yi a gidan tarihi na Victoria da Albert, wanda kowa ke kira V&A. Satumbar 2022 aka buɗe, ranar 25 ga Yunin 2023 za a rufe, ni kuwa kullum amsata ɗaya ce: sai an samu lokaci. Da ta ga kwanaki na ƙurewa sai ta bi ta hannun kakarta. Hajiya, wadda ta zo mana bayan ƙaramar salla, ta ce, "Ku kai kishiyar tawa ta ga samarin nata mana. Ni ma in je in ga ko sun kai maigidana kyau." Auta ya hau washe baki. Magana ta ƙare kenan, na sayi tikiti ta intanet. Shiga gidan kansa kyauta ne, wannan ɓangaren ne kawai na kuɗi.

Babansu yana wurin aiki, mu huɗu muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa muka sauka South Kensington, muka bi doguwar hanyar nan ta cikin ƙasa. Da yake hutun makaranta ne, yara kamar an yi ɓarin gero.

Hallyu suka sa wa baje kolin, wato igiyar ruwan Koriya. Kana shiga kiɗa zai tare ka: Gangnam Style a alluna ta ko'ina, ga jaket mai ruwan hoda ta PSY, mai waƙar, a tsaye. A 2012 bidiyon nan ya zama na farko da aka kalla sau biliyan 1 a YouTube, lokacin ko haifar auta ba a yi ba, amma ga shi nan ya kama linzamin iska yana tsalle. Hajiya ta dube shi ta ce yau ta ga sukuwa ba doki.

Na zo ne da shirin jure hayaniya, sai ɗaki na gaba ya tsayar da ni. Mulkin mallakar Japan daga 1910 zuwa 1945, raba ƙasar gida biyu, yaƙin 1950 zuwa 1953 da ya bar Seoul kufai. Akwai wani hoto na 1978 da na kasa wucewa: manomi yana huɗa da saniya, a bayansa dogayen benaye sababbi fil. Unguwar Gangnam ɗin ce, wadda ake wa waƙa yanzu saboda masu kuɗinta. Yayarsu ta matso tana mini bayani cikin Hausarta mai ɗingishi, rabi Turanci. Wai Samsung da ke hannuna da busasshen kifi da taliya ya fara a 1938. Wai da tattalin arzikinsu ya karye a 1997 har suka ci bashin asusun ba da lamuni na duniya, IMF, mutane layi suka yi suna miƙa zoben aure da sarƙoƙi, aka tara zinare fiye da tan 200. Bayan wannan wahalar ne gwamnati ta zuba kuɗi a intanet da fim da waƙa. Ban san yarinyar nan ta san duk wannan ba. Ni a zatona gashin samari masu launin alawa kawai take kallo.

Hajiya ta shafa awarwaronta ta ce, "Ni dai sai na ga fuskar mai riƙe asusun tukuna."

Wurin da ya fi tsaya mini a rai banɗaki ne. Sun sake gina na fim ɗin Parasite, wanda ya ci babbar kyautar Oscar a 2020, karo na farko da fim ba na Turanci ba ya ci ta. Ɗan ƙuƙut, tayil duk ya dafe, masai a can saman dakali dab da rufi, sai mutum ya hau mataki ya duƙar da kai. Dalili kuwa, gidan rabinsa a cikin ƙasa yake, bututun ƙazanta ya fi daɓen ɗakin tudu. Banjiha suke kiran irin waɗannan ɗakuna. Asalinsu maɓoya ce saboda tsoron harin Koriya ta Arewa, tsadar haya ta mayar da su gidan talaka, kuma a ambaliyar Agustan 2022 mutane sun mutu a cikinsu. Hajiya ta daɗe tana leƙe, sannan ta ce a hankali, "Ashe su ma suna da nasu." Kayan masu gadin fim ɗin Squid Game kuwa jan hannun auta na yi muka wuce. Bai taɓa kallo ba, amma a makaranta an ba shi labari kaf.

Sai muka iso wajen fina-finan sarakunan da, ana nuna gutsattsari a bango, riguna har ƙasa, dawakai, takubba. Hajiya ta ja ta tsaya, ta ɗaga murya yadda Turawan da ke kusa sai da suka waiwayo: "Af! Ba waɗannan ne su Jumong ɗinki ba?"

Na ce, "Hajiya, don Allah ku bari."

Ina! Ta juya wajen jikarta ta kwance mata komai. Yadda nake aiken ƙanena ya sayo faifai da kuɗin cefane. Yadda in an ɗauke wuta nake lallaɓa maƙwabta masu janareta. Yadda na ƙona miyar kuka ƙurmus ranar da baƙi za su zo, saboda ana yaƙi a kashi na ban san nawa ba. Kashi 81 ne fim ɗin, kuma gaskiya ko ɗaya ban tsallake ba. Yarinya ta zuba mini ido, ni da na ƙwace mata waya makon jiya don ta kai sha biyun dare tana kallo. Ba ta ce uffan ba. Da ta yi magana ma da ya fi mini sauƙi.

Daga nan ban ƙara taɓuka komai ba. Ta nuna mana sandunan fitila da masoya ke ɗagawa a wajen wasa, kowace ƙungiya da fasalin nata, ta yi jimamin cewa 'yan ƙungiyar waƙa ta BTS sun fara tafiya aikin soja na dole. Akwai allo mai koya rawa, ya ɗauki hotonka ya haɗa da na sauran mutane a bango. Auta ya yi sau uku. Ni na riƙe jakunkuna.

Kafin mu fita na kai Hajiya ɗakin kayan Musulunci ta ga dardumar Ardabil ta Iran, mai tsawon fiye da mita 10, da shekarar 946 ta Hijira saƙe a jikinta. Minti goma kawai ake kunna mata fitila duk rabin awa don kada launi ya koɗe. Muka zauna muka jira. Da hasken ya zo sai ta ce Masha Allah, ta ƙara da cewa wannan ai ya fi samarin kishiyarta.

A lambun tsakiya muka ci abin da na ƙunso, auta ya tuɓe takalmi ya faɗa ruwan da yara ke wasa, wando sharkaf. Yayarsu ta ɗauko bayan tikiti ta rubuta "Hajiya" da haruffan Koriya, gaɓa uku kamar ƙananan akwatuna, tana cewa Sarki Sejong ne ya ƙirƙiro su a 1443 don talaka ya iya karatu. Hajiya ta juya takardar sama da ƙasa, ta karɓi biron, ta rubuta sunan yarinyar da ajami a ƙasa, ta ce, "To karanta mini wannan." Ta kasa. Sun yi alkawari gobe bayan la'asar kowa za ta koya wa kowa.

Wayar kuwa na mayar mata tun a jirgi.