Na sayar da babur na sayi amfilifaya, ta ƙone tun ban kaɗa ba

Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ɗan ƙanwata ya same ni zaune ƙofar gida a Mabera. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya miƙo mini waya. Hoton wata 'yar amfilifayar jita ce, akwatin nan da ke ƙara wa jita sauti, irin ta dijital, ga wasu abubuwa biyu a gefenta kamar kan caja, wato wayales, ɗaya a soka jikin jita, ɗaya jikin amfilifaya, babu igiya tsakani. Ya ce, "Kawu, wagga nika so. Sauti ɗari biyu gare ta, kuma da waya ake juya ta." Shekara biyu yaron nan yana zaune ƙarƙashin lema yana aikin POS yana tara kuɗi. Na tambaye shi wuta volt nawa take ci. Ya dube ni, ya dubi wayar, ya ce mai sayarwa bai rubuta ba. Na ce ina za ka kunna ta? Ya ce wurin biki mana.

Gabana ya faɗi, don ni kaina na gani a 2017.

A lokacin na haura shekara goma ina kaɗa jita. Wurin wani Buzu na koya, mutumin Tawa, da yake shigowa Sakkwato ta Ƙwanni da Illela bayan damina. Amfilifayarsa tsohuwa ce mai maɓalli huɗu, ni ma irinta na samu, kuma ta ci da ni daga Gwadabawa har Bodinga ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ni ne nake jin kunyarta. In muka je dina a hol, masu fiyano su shigo da kaya masu fitilu, ni in shigo da akwatin da fatarsa ta saɓule. Ga kalangu, da zarar makaɗa biyu sun ɗauka sai jitata ta nutse, ina kaɗawa ina ganin ba wanda ke ji. Wannan ya daɗe yana cina.

Sai na sayar da babur ɗina, wanda nake kabu-kabu da shi da rana. Maiɗakina ta roƙe ni in dakata sai bayan babbar sallah, na ce ba ta san sana'a ba. Na ba wani ɗan kasuwa mai zuwa Legas kuɗin, ya zo mini da tokumbo daga Amurka, dijital, wat 100. A shagonsa muka gwada. Ya ce mini sai da taransifomar rage wuta, ya haɗo mini wata ƙarama a leda, na ce to, amma hankalina yana kan sautin. Ranar Asabar muka je biki a Arkilla. Ina can bakin rumfa ina gaisawa da mutane, ina so a gan ni da sabon kaya, yaron da ke taya mu jera wayoyi ya ɗauki filoginta ya soka kai tsaye a wutar janareta. Wata 'yar ƙara na ji, sai warin ƙuna. Ban taɓa igiyar jita ko ɗaya ba.

Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, don ba su da laifi. Sun rubuta a bayanta ƙuru-ƙuru, 120V. Wutar Amurka ke nan. Tamu a Najeriya 230V ce, kusan ninki biyu. Yaron ma ba shi da laifi, ban gaya masa ba. Mai gyaran rediyo ya buɗe ta ya ce da tsohuwar ce, da yau ɗin nan zai canja abin da ya ƙone in tafi da ita, amma wannan kwamfuta ce a ciki, fanel ɗin gaba ɗaya ake sauyawa, kuma sai an aiko daga waje. Ta shekara a shagonsa ƙura na hawa kanta.

To amma wa zai gaya mini? Garin nan ba garin jita ba ne, garin kotso ne da taushi da kalangu, kuma ban san kowa ba a lokacin da ya taɓa riƙe irin wannan kaya da zan tambaya. Har yau kuma ban yarda son dijital ɗin ne kuskurena ba. Tun 1998 da kamfanin Line 6 suka fito da na'urarsu POD duniya ta karkata can, a 2016 kamfanin Boss suka kawo amfilifayarsu Katana, akwati ɗaya yana aikin amfilifaya da eko da sauran ƙananan na'urorin da a da sai ka saye su ɗaiɗai. Minti goman nan da na yi ina kaɗawa a shagon, ban taɓa jin jitata ta yi magana haka ba, har yanzu sautin yana kunnena. Sai dai duk sanda na fara wannan lissafi ina wanke kaina, sai in tuna na yi makaranta, na iya karanta lamba uku. Shekara guda na yi ina tafiya a ƙasa, kuma 'yata ta zauna gida zango ɗaya saboda kuɗin makaranta. Wannan ba ni da abin cewa a kansa.

Kuma ban daddara ba. Da na farfaɗo na sayi wata mai wat 50 da ke cin wutarmu, wadda nake aiki da ita har yau, sai idona ya koma kan wayales. Dalilina mai ƙarfi ne: liƙi wurin wanda ya isa gaban manyan baƙi yake zuwa. Mawaƙi ya ɗauki makirfo ya shiga cikin jama'a, ni igiya ta ɗaure ni a bango. Na sayi mai araha, irin mai tura sigina a kan layin gigahaz 2.4. A gida na gwada, har bakin layi tana kamawa. Ranar dina hol ya cika, daidai shigowar amarya, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto, na taka cikin mutane, sai jita ta fara ɗaukewa tana dawowa. Uwar amarya ta waiwayo ta dube ni. Ban manta kallon nan ba.

Daga baya na gane abin da ya faru. Layin 2.4 ɗin nan ba naka ba ne kai kaɗai, a kansa wayifai da bulutut suke tafiya, don haka duk wanda ya kunna intanet ɗin wayarsa yana raba wa abokai, hanya ɗaya kuke bi. Jikin mutum kuma yawancinsa ruwa ne, yana shanye irin wannan sigina. Nisan da ake rubutawa a kwali, kamar mita 15 na wayales ɗin Boss WL-20, a fili ake nufi, babu komai tsakanin na'urorin biyu. Akwai kuma abin da babu kuɗin da zai gyara shi. Mai kyau a cikinsu jinkirinta bai wuce kashi 2 ko 3 cikin 1000 na daƙiƙa ba, kunne ba ya kama wannan. Amma sauti a iska kusan mita 340 yake yi a daƙiƙa, in ka yi nisan mita 20 da lasifika sai bayan kashi 60 cikin 1000 kake jin abin da hannunka ya kaɗa. Sai ka riƙa ja baya, mai kalangu yana harararka, kai kuma kana zargin na'ura. Ƙarshenta zafin Afrilu ya ƙarasa ta. Na bar ta cikin jaka a ɗakin kwano, ga garin nan yana haura digiri 40, batirin ya kumbura, kuma irin wanda aka rufe a ciki ne, ba a canjawa.

Duk wannan na zayyana wa ɗan ƙanwata, yana "uhm, uhm", babban yatsansa yana kan waya. Abin da ke ƙona mini rai da yaran yanzu ke nan. Bidiyon daƙiƙa talatin a TikTok ya fi musu maganar wanda ya yi asara. Yaro bai iya saita igiyoyi shida da kunnensa ba, amma yana lissafin sauti ɗari biyu. Mu shekara biyu muka yi muna ɗaukar kayan maigida kafin ya bari mu taɓa jita. Na sani ni ma ban saurari kowa ba, amma ni ba ni da kawun da ya san abin.

Na zauna da niyyar jera muku shawarwari da yawa, har na rubuta wasu a takarda. Da na sake dubawa, yawancinsu ado ne.

Juya akwatin ka karanta bayansa kafin ka dubi fuskarsa. In ka ga 220 zuwa 240, ko 100 zuwa 240, to. In 120 ce kaɗai, bar ta ko kyauta ce, don wata rana wani zai soka ta a bango ba ka nan. Kuma kada ka kai dijital wurin biki ba sitabilaiza. Tsohuwar amfilifaya in wuta ta yi ƙasa murya kawai take ragewa, wannan kuwa mutuwa take yi, ta ɗauki daƙiƙoƙi kafin ta tashi, kai kana tsaye gaban jama'a. Bari janareta ya daidaita kafin ka kunna, ka riga shi kashewa, kuma kada ka yarda a haɗa ka layi ɗaya da firizar da ake sanyaya lemo.

Maganar wat kuma, ku daina ruɗuwa. Daga wat 50 zuwa wat 100, desibel 3 kawai ka ƙara a ma'aunin ƙarfin sauti, sai ka ninka sau goma kunne ke jin ƙara ta ninku. Nemi lasifika inci 12, da ramin fitar da sauti zuwa miksa, na'urar da ke haɗa sautin kowa ta tura lasifika, don manyan lasifikun biki su ɗauki nauyin. Ƙananan amfilifayoyi irin su Spark 40 lasifikunsu inci 4 ne, don koyo a ɗaki aka yi su, kuma nan suna da daɗi, amma kalangu ba zai bar su su yi numfashi ba. Wadda za ka saya ta kasance mai maɓallai da hannu zai kama cikin duhu. Sauti uku nake amfani da su shekara da shekaru.

Wayales kuwa, kada ka saya. Sayi igiyar haɗa jita da amfilifaya mai kyau guda biyu.

Na rubuta haka, amma dole in faɗi sauran. Wani dare a Wamakko hannuna yana kan igiyoyin jita, na kai baki makirfo, wuta ta fizge ni har leɓena ya fashe. Janaretan ba a kafa masa wayar ƙasa ba, kuma igiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin wannan igiyar da nake yabo. Abin yana kisa. A 1972 wani makaɗin jita mai suna Leslie Harvey ya rasu a kan dandamali a Swansea ta Birtaniya, makirfo ya taɓa. Wayales tana raba jikinka da amfilifaya. Tun daga ranar na nemi wata wayales, duk inda ban yarda da wutar wurin ba, da ita nake kaɗawa. Don haka ka saya, amma ita ce ta ƙarshe, bayan komai ya samu. Mai cin batirin AA da za ka samu a kowane shago, in da hali ta layin UHF wadda ba ta gogayya da wayoyin jama'a. Ɗora mai karɓar siginar a sama inda idonka ke ganinta, kada ka yi nisa, igiya kuma tana naɗe a kan amfilifaya.

Na ce da yaron ya zo ranar Asabar, muna da biki a Runjin Sambo, ya ɗauki kayana, ya tsaya kusa da janareta ya ga yadda fitila ke rawa in an tada firiza. In ya yi wata uku haka zan ba shi aron tawa. Ya ce, "To, Kawu." Jiya uwarsa ta kira ni ta ce ya riga ya tura rabin kuɗin. Na buga masa na ce maza ya sa mai sayarwa ya ɗauko hoton bayan akwatin, inda lambobin suke. Har yanzu da nake rubutun nan hoton bai zo ba.