Asabar a ƙarƙashin kat-san-kat ɗin Baba

Asabar da dare, Tahoua.

Sau uku na wanke hannu, har yanzu warin giris nake ji. Bari dai in rubuta tun ban manta yadda abin ya bi ba.

Wata goma sha huɗu na yi ina tayar da motar Baba, Allah ya jiƙansa. Peugeot 404 ce, wato kat-san-kat, akori-kura, wadda mu nan muke ce wa bashe, ƙirar 1974. Da ita ya yi dakon albasa daga Tamaske da Galmi har ƙarfinsa ya ƙare, daga nan ta yi shekara goma sha ɗaya bisa duwatsu a bayan gida, kaji na yin ƙwai a kujerarta. Na sauke inji, na sa an yi walda, an yi fenti fari tas. Ran Alhamis na fita da ita hanyar Ƙonni don in ji daɗin kuɗina, ban kai Badagishiri ba na juyo, gumi ya jiƙa mini riga. Sitiyari na wasa kusan yatsa huɗu kafin taya ta motsa. In na sassauta hannu sai ta nufi dama kamar jakin da ya hango gida. Da gudu ya kai kilomita 70 a awa kuwa sai sitiyarin ya kama rawa har cikin kafaɗuna.

Ni dai na riga na yanke hukunci tun a hanya: kiramayar ce ta mutu, wato doguwar sandar nan mai haƙora da ke tura tayoyin gaba hagu da dama. Har na yi waya da wani mai kayan gyara a Ƙonni, ya ce yana da ta hannu, jika 85. Da kuɗin a aljihu na tafi gareji yau da safe.

Mai garejin abokin Baba ne, shi ma Baba nake ce masa. Ya haura saba'in, yanzu ba ya shiga ƙarƙashin mota sai ta kama dole, yana zaune bisa benci a inuwar dogon yaro yana ba yara umarni. Na gaishe shi, na ce kiramayar na zo a canja.

Ya ce, "Wa ya ce ma ita ce?"

Na ce, "Baba, ai alama ta nuna."

Ya ce, "To likita, zauna ka sha shayi."

Abin da ya fara sa yaro ya yi har ya ba ni haushi: awon iskar taya. Ta hagu kilo 2.3, ta dama 1.4. Ya dube ni, bai ce komai ba. Aka daidaita, muka zagaya, jan ya ragu amma bai tafi ba. Sai ya sa aka musanya tayoyin gaba, ta hagu ta koma dama. Muka sake fita, mota ta koma ja hagu. Ya ce in ja ya bi taya, laifin na taya ne. Da ƙarfe ne ya lanƙwashe, ko birki ke riƙewa gefe guda, da ba ta canja alƙibla ba. Ya nuna mini lamba huɗu a gefen tayar, 3214, ya ce mako na 32 ke nan na shekarar 2014. Na hannu na saya, zanenta da saura, ban san an rubuta ranar haihuwarta a jikinta ba.

Wasan sitiyarin shi ya ci mana rana, kuma nan ne na ga aiki. Bai yarda a ɗaga motar da kirik ba tukuna. Ya ce in taya na reto a sama komai zai bi hannunka salin-alin, sai nauyi na kanta ne mai laifi ke tona kansa. Ya sa ni a kujera, inji a kashe, ina kaɗa sitiyari hagu da dama a hankali iya inda yake wasa. Shi kuma ya buɗe gaban motar ya bi motsin da ido daga sama zuwa ƙasa, gaɓa bayan gaɓa, yana neman inda na sama ke juyawa na ƙasa bai amsa ba.

Bai yi nisa ba ya ce in sauko in gani, yaro ya karɓi sitiyarin. Tsakanin sandar sitiyari da kan kiramayar akwai wani faifan roba mai kauri da kusoshi ke ratsawa, filekto suke ce masa. Aikinsa ya shanye girgizar hanya kada ta iso hannun direba. Na ga sandar sama na juyawa, robar na murɗewa tana buɗe baki kusa da ramin kusa, ta ƙasa kuwa ko gezau. Abin kunyar, ni da hannuna na cire faifan nan bara, na wanke shi, na fesa masa baƙin fenti ya yi ƙyalli, na mayar. Fentin ya rufe tsagar.

Ya ce, "Ɗana, robar nan ta girme ka. In ta rabu kana tsakiyar hanya, sitiyari zai yi ta juyawa a hannunka kamar faifai, mota ta tafi inda ta ga dama."

Na tuna gudun da na yi ran Alhamis da manyan motocin da muka yi ta giftawa, jikina ya yi sanyi.

Sai bayan azahar aka ɗaga ta. Yaro ya kama taya, hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa, ya jijjiga: shiru, ke nan rulma, wato ƙwallayen da taya ke juyawa a kansu, da gaɓar ƙasa lafiya lau. Ya kama gaba da baya ya jijjiga: ta hagu shiru, ta dama ƙwas-ƙwas. Baba ya sa na dafa rotil ɗin, gaɓar nan mai dunƙulen kai da ke haɗa sandar kiramayar da ƙafar taya, na ji tana bugun tafin hannuna. Robar da ke rufe ta ta yage, rairayi ya shiga ya gauraye da giris ya yi ta cin ta. A ƙasar Adar ba sai an daɗe ba.

Ita kuwa kiramayar da na zo binnewa, ya zare robar gefe ya duba haƙoran, ya sa aka juya daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Ya ce tsakiya ce ke fara cinyewa, don nan mota ke yini, kuma tawa cin kaɗan ne. Akwai wani ɗan turmi mai sifirin da ke danna sandar a jikin haƙoran. Ya ce masu gaggawa kan matse shi don su kashe wasa, tsakiya ta yi daidai, amma in ka karya kwana sosai sai sitiyari ya cije ya ƙi dawowa. Bai taɓa shi ba.

Rotil mun samu a cikin gari, jika 6. Da aka ɗaura sai ya kawo igiyar awo ya gwada tazarar tayoyin biyu ta gaba da ta baya. Gaba ta fi faɗi da fiye da santimita guda, ƙafafun sun buɗe kamar na agwagwa, alhali kamata ya yi su ɗan tsuke ciki da milimita kamar biyu. Wannan ma nawa ne. Lokacin da na kwance sandunan don fenti ban ƙirga zagayen zaren ba, da ido na mayar. Ya ce shi ya sa take yawo a titi kamar mai neman abin da ya faɗi.

Rawar kilomita 70 ba mu gama da ita ba. Ya kafa ƙusa kusa da bakin ƙarfen taya ya juya, na dama na matsowa yana ja da baya, alamar ya taɓa cin rami. Yana zargin shi ne, rotil mai wasa kuma ta ƙara masa murya, amma ya ce ba zai rantse ba sai an hau hanya.

Hawa hanya kuwa babu. Filekto bai samu ba a duk shagunan da yaro ya zaga. Wani ya ce a yanko daga tsohuwar tayar babbar mota, ana yi. Baba ya ce ana yi in mota ta mutu a daji, don a kai gida, ba a motar abokinsa da ɗan abokinsa a ciki ba. Ya karɓe makullin ya sa a aljihu. Na sake kiran mai kayan Ƙonni na ce na fasa sayen kiramayar, faifan roba nake so, na ji muryarsa ta sauka. Zai ba direba ya kawo ran Talata.

Na ba Baba kuɗin aiki ya ƙi, ya ce in sallami yara. A kabu-kabu na dawo gida. Uwargida ta ga babu mota, ta ga kuma kuɗin sun dawo kusan cif, ta ce gobe Lahadi kasuwa na ci, buhun hatsi ya kusa ƙasa. Na ce akwai tayoyi biyu da zan saya. Har yanzu ba mu daidaita ba.