Asabar, gidan Kawu

Da safe Kantin Kwari, atamfar bikin Zainab. An samu, tsada dai sai haƙuri.

Bayan azahar muka je gaishe da Kawu ni da Habibu, matuƙin jirgin sama, tunda hazo ya sa an soke tashin jirginsu na yau. Rabon da in zauna da ƙanen nan nawa haka tun babbar sallah. Inna ta dama fura, ana ta raha, har na tambaye shi ko hannu ba ya gajiya da tuƙi kullum. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, wace gajiya? Daga Kano zuwa Legas, abin da nake tuƙawa da hannuna 'yan mintoci ne, wajen tashi da wajen sauka. Saura na otofailot ne, wato na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta, mu ido muke sa masa."

Kawu bai yi dariya ba. Ya mayar da ludayi cikin ƙwarya, ya ce, "Ranar da ya sakar maka fa?"

Sai ya ɗauko zancen jirgin Air France 447, wanda ya taso daga Riyo ta ƙasar Burazil zai je Paris, ya faɗa tekun Atlantika ranar 1 ga Yuni, 2009, da mutum 228. Ni ce nake injin ne ya mutu. Ashe lafiyarsa ƙalau. Ƙanƙara ce ta toshe 'yan bututun da ke auna gudun jirgi, otofailot ya saki, kyaftin kuma ya je hutawa. Mataimakin da ya karɓa ya ja sandar tuƙi baya, hancin jirgi ya ɗaga, suka hau har wajen ƙafa 38,000, gudu ya ragu har iska ta daina ɗaukar fukafukai. Ƙararrawa na ta kuka. Kawu ya miƙa tafin hannunsa, yatsu na kallon silin, ya riƙa sauke shi a hankali har ya taɓa darduma. Minti uku da rabi suna faɗowa a haka. "Sunkuyar da hanci, shi ke nan," in ji shi. "Abin da ake koya wa yaro tun yana ƙaramin jirgi."

Habibu ya ce, "Kawu, Allah ya ba ka haƙuri, amma na'urar nan ta ceci rayukan da ba su ƙirguwa." Ya ce tsakanin ƙafa 29,000 da 41,000 tazarar ƙafa 1,000 kacal ake bari tsakanin jirage, don haka ƙa'ida ta ɗora wa na'ura riƙon tsayi. Kawu ya gyaɗa kai, bai musa ba. Ya dai ce ita kanta hukumar jiragen sama ta Amurka ta fitar da sanarwa a 2013 tana kira a bar matuƙa su riƙa tuƙi da hannu in hali ya yi. "Hannu ma yana mantuwa, ɗana."

Wannan maganar ce ta hana ni sakewa har yanzu. Su biyun duk gaskiya suka faɗa. To a can sama, inda ba a barin sa ya tuƙa, yaushe zai san yadda jirgi yake a hannu? Kuma ranar da za a miƙa masa, ai ita ce rana mafi muni, cikin dare, cikin hadari. Na dubi hannuwan Habibu a kan gwiwarsa, waɗanda na koya wa riƙon fensir.

A mota ya yi shiru har muka wuce Ƙofar Nasarawa. Can ya ce in gari ya washe zai roƙi kyaftin ɗinsa ya bar shi ya daɗe da sanda a hannu kafin ya kunna na'ura. Na ce Allah ya tsare.

Tela bai ɗauki waya ba. Litinin ina da jirgin Abuja, ban haɗa kaya ba.